Madam Ƙarama ta tafi, ajin CI kuma har yanzu babba ɗaya ne a cikinsa

Idan babban ma'aikaci ya rasu a garin nan, kafin azahar labari ya game gari. Rediyo ya faɗa, WhatsApp ya ɗauka, a jero muƙaman da ya riƙe tun daga na fari har na ƙarshe. Mu malaman lakwal ma haka muke yi wa namu: darakta ko sufeto ya kwanta dama, ƙungiya ta fitar da sanarwa, a yi ayari zuwa gidan makoki. Ba ni da ja a kan wannan. Sai dai a cikin makarantunmu akwai wasu ma'aikata da ba su da muƙamin da za a jero, sunansu ba ya cikin kundin ma'aikatar ilimi, alhali ta hannunsu ɗan kowa ya bi kafin ya san bambancin “a” da “o”. Ina nufin matan nan da ke taimaka wa malami a ajin ƙananan yara, a jardan da CI. A kansu nake so mu yi magana yau, iyaye da malamai, kuma abin da ya tayar da maganar rasuwar wata tsohuwa ce da aka binne a nan Agadas makonnin baya.

Ba zan faɗi sunanta ba, don iyalinta ba su nemi a yi musu shela ba. A zamaninmu “Madam Ƙarama” yara ke ce mata, don a bambanta ta da mai ajin. Da girma ya zo kowa ya koma ce mata Kaka, har waɗanda suka yi furfura a gabanta. Ƴar ɗariƙar Katolika ce, asalinta daga wajen Dogondutsi, inda mishan ta daɗe da kafuwa. Ta biyo mijinta, wani makanike, zuwa arewa lokacin da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, farkon shekarun 1970, daga baya suka zauna Agadas. Ta haura shekara 80, ta bar ƴaƴa da jikoki da tattaɓa-kunne. Karatunta a CM2 ya tsaya, ba ta taɓa shiga makarantar horon malamai ba. Da wannan ɗan karatun ta yi shekaru masu yawa tana aiki a makarantu biyu ko uku na garin nan, har ƙafa ta gaza.

To mene ne aikin nata? Duk wanda ya taɓa riƙe ajin CI a makon farko na Oktoba ya san amsar. Yara sun haura 70, rabinsu na kuka, wani ya ƙanƙame zanen uwarsa a bakin ƙofa ya ƙi saki. Ita ce ke ɓamɓare ƴan yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa yaro zancen akuyar gidansu har uwar ta sulale. Mushe ko Madam na gaban babban allo suna rubutu, ita tana bin layi-layi, ta durƙusa, ta ɗora hannunta a kan na yaro da alli a tsakani, su ja harafi tare a kan ɗan allonsa, sau uku, sau huɗu, sannan ta saki hannun a hankali ba tare da ya lura ba. A jakarta kullum akwai wando ƙarami na ko-ta-kwana, domin yaron da fitsari ya kufce masa a gaban ƴan aji, idan ba a rufa masa asiri a wannan minti ba, gobe ba za ka gan shi ba. Lokacin ɗari, da iskar Agadas ta fara fasa leɓɓa da dugadugai, tana da ɗan gwangwanin man kaɗe. Ita ce ke fara gane cewa yarinyar da ake ce wa daƙiƙiya ba ta ganin allo ne daga baya, a matso da ita gaba. Ita ce ke gane wanda ya fito ba karin kumallo, tun kafin ya fara gyangyaɗi.

Babban aikinta, a ganina, shi ne na harshe. Yaron Agadas yana zuwa lakwal da Hausa, ko Tamajak, ko Fulatanci, ko Tubanci, ko Larabci, a tarbe shi da Faransanci tun daga ranar farko. Manyanmu suna tuna zamanin “sambol”, abin nan da ake rataya wa wanda aka kama yana magana da harshen gida, ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa. Madam Ƙarama ba ta taɓa yin musu da dokar aji ba. Abin da take yi, idan Mushe ya ba da umarni da Faransanci ta ga ido ya raina fata, sai ta sunkuya ta raɗa wa yaro ma'anar da Hausa. Tamajak ɗinta na kasuwa ne da na maƙwabta, ba mai daɗin ji ba, yaran Abzinawa har dariya suke yi mata, amma yaron da aka kawo daga daji jiya-jiya, a bakinta yake fara jin kalmar da ya gane a cikin ginin nan. Da wannan kalma ɗaya yake yarda ya dawo washegari.

Zancen addininta kuma ba abin da za a tsallake ba ne, don na san wasu masu karatu nan hankalinsu ya tsaya. Kiristoci a Nijar, bisa ƙidayar 2012, ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Cocin Katolika na Agadas yana ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun da aka kafa wannan yanki a 2001, kuma akasarin masu zuwa cikinsa ma'aikata ne da baƙi daga kudancin ƙasa, da Benin, da Togo, da Burkina, da Najeriya. Kowa a unguwa ya san ran Lahadi da safe tana can, ya san tana da carbinta mai gicciye. Yaran da ta riƙe kusan dukkansu ƴaƴan Musulmi ne. A tsawon shekarun nan ban ji uba ɗaya da ya ce ɗansa ya dawo gida da wata addu'a da ba ta gidansu ba. Abin da muka sani, idan yaro ya kai loma da hagu ita ce ke taɓa masa hannu, ta ce “Ka yi bismilla?” Idan an tashi da yamma ita ce ke kora masu wasa a hanya, kada su makara makarantar allo. Da Babbar Salla nama ke taruwa a gidanta har ta rasa inda za ta sa, da Kirsimeti kuma maƙwabcinta take kira ya yanka mata kaji, don kowa ya ci ba shakka a zuciya. A watan Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatancin mujallar nan ta Faransa, hankalin Kiristocin ƙasar nan duk ya tashi. A lungunsu, samarin da ta share wa majina suna ƙanana su ne suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanta suna shan shayi har dare ya raba, ba wanda ya aike su.

Duk da haka, da ta rasu na ji ana tambaya a wata majalisa ko ya halatta a je gaisuwa. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kowa ya tambayi malaminsa abin da zai faɗa da abin da ba zai faɗa ba in ya je. Amma haƙƙin maƙwabtaka ba a ɓoye yake ba, kuma ya zo a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude. Wanda bai yi tambaya ba ranar da ya miƙa mata ɗansa mai shekara shida ya tafi kasuwa hankali kwance, tambayar tasa ta yau ta zo a makare. Alhamdu lillahi, waɗanda suka je sun fi waɗanda suka tsaya tambaya yawa.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi damuna, wanda gaisuwar mutuwa ba ta gyara shi. Wannan baiwar Allah ta bar aiki ba takarda, ba fansho. Abin da ake ba ta a wata, wani lokaci daga aljihun iyaye, wani lokaci daga mai makaranta, bai taɓa shiga wani rajista ba. Ƴaƴanta ne suka riƙe ta har ƙarshe, kuma ta yi sa'a tana da su. Irinta da yawa suna nan yau a jardan masu zaman kansu da ke tsirowa a kowace unguwa, daga Dagmanet zuwa Sabon Gari, ƴan mata da zawarawa da ake kira “tanti”, ana ba su abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, a sallame su ran da aka ga dama. A makarantun gwamnati kuwa, inda yara suka fi yawa, akasari babu su sam. Malami ɗaya ne da ajin da ya cika ya batse.

Abin mamaki, wannan ba haka yake a karatunmu na gado ba. Je ka kowace tsangaya ka duba. Alaramma ba ya zama shi kaɗai da ƙolo ɗari. Akwai gardawa a ƙarƙashinsa, akwai titibirai, kowane yaro ƙarami yana da wanda ke biya masa allonsa, ya gyara masa baƙi da wasali kafin ya je gaban malam. Kakanninmu sun gane tun tuni cewa mai fara karatu yana buƙatar babba kusa da kafaɗarsa. Boko ce ta zo mana da tsarin mutum ɗaya a gaban allo, muka karɓa, sannan muka cusa masa yara ninki biyu ko uku na abin da aka yi tsarin dominsu.

Sakamakon kuma muna ganinsa. Gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe 10 masu amfani da Faransanci, ya sa Nijar a ƙarshe: cikin yara 10 da ke gama firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matakin karatun da ake nema ba. A na 2019 an ɗan ɗaga, zuwa kusan 3 cikin 10. Wato har yanzu mafi yawan yaranmu suna shekara shida a kan benci su fita ba su iya karanta wasiƙa su gane ba. Yaron da ya bar CP bai haɗa baƙi ba, ba a CE zai haɗa ba, domin manhaja ba ta jiran kowa. Zai yi ta zama a bayan aji yana kwafar abin da bai sani ba, har ran da wani ya ba shi labarin zinariyar Jado ko Cibarakaten, tun da aka buɗe wannan hanya a 2014, ya ajiye jaka. Yarinya kuma a ce ai gara a yi mata aure tunda ba ta ja. Asalin ɓarakar tana can cikin watanni tara na CI, lokacin da ba a sami wanda zai durƙusa kusa da su ba.

Hukuma ta san matsalar harshe, ba yau ba. Tun 1973 aka fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, dokar ilimi ta 1998 ta ba su gurbi, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Madalla. Amma a jihar Agadas ko da gobe aka wayi gari ana koyarwa da Hausa zalla, malamin da aka turo daga Maraɗi ko Doso zai tarar da yaran Timiya ko Iferwan da Tamajak kawai suke ji. Takarda daga Yamai ba za ta raɗa wa yaro komai a kunne ba, sai an sami mutumin garin a cikin ajin.

Wasu ƙasashe sun auna wannan abu da ma'auni. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta ɗauki ƴan mata na unguwa waɗanda suka gama sakandare, a biranen Mumbai da Vadodara, aka yi musu ɗan gajeren horo, kowace ta riƙa ɗaukar yaran da aka bari a baya awa biyu a rana tana koya musu karatu da lissafi daga tushe. “Balsakhi” ake ce musu, wato abokiyar yaro. Masana tattalin arziki, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, sun bi shirin suka fitar da sakamako a 2007: makin yara ya tashi, kuma waɗanda suka fi rauni su suka fi amfana, da kuɗi kaɗan. Da na karanta labarin sai na ce ai mu mun yi Balsakhi tun kafin a raɗa mata suna, ba mu dai rubuta ba.

Amma akwai wani binciken da ya kamata mu malamai mu ji, ko da ba zai yi mana daɗi ba. A Ingila, inda mataimakan malamai suka yi yawa ƙwarai, wani bincike da Peter Blatchford ya jagoranta a kan yara fiye da 8,000, aka bayyana shi a 2009, ya gano cewa yaran da suka fi samun taimakon mataimaki sun fi takwarorinsu jinkirin ci gaba. Dalili? Malamai sun mayar da mataimaki wurin jibge yara masu rauni. Mai horo ya tsaya da masu ƙoƙari, marar horo ya tafi lungu da waɗanda suka fi kowa buƙatar gwani, yana ba su amsa don a gama aiki. Wannan shi ne tarkon. Madam Ƙarama ta yi amfani ne saboda malaman da ta yi aiki da su ba su sakar mata ajin ba. Su ke koyarwa, ita tana tabbatar da cewa abin ya isa benci na ƙarshe, kuma da an tashi takan tsaya ta ce wa mai ajin wane da wance ba su gane ba, gobe a sake. Na kuma ga inda aka mayar da mataimakiya ƴar aike, ta sayo wa Madam ƙosai, ta goya mata jariri, ta share ofishin darakta. Wannan cin amanar yara ne da iyayen da suka biya.

Na san abin da abokan aikina za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Ƙasar da malaman kwantiragi suka fi yawa a firamarenta, suna jiran ɗan alawus ɗinsu wata ya wuce wata, ina ta ga kuɗin ɗaukar mataimaka? Kuma ba mu manta yadda aka fara ba: a ƙarshen shekarun 1990 aka kawo “masu sa kai” a matsayin mafita ta ɗan lokaci, yau ga shi su ne ginshiƙin makaranta, da yawa an tura su aji ba isasshen horo, har gwajin 2017 ya nuna kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron kada “mataimakiya” ta zama sabon sunan malami mai araha tsoro ne na gaskiya, kuma ƙungiyoyin malamai su tsaya a kansa da ƙarfi: mataimakiya ba ta riƙe aji ita kaɗai, ko na yini ɗaya. Amma tsoron nan bai isa hujjar barin yaro ɗan shekara shida cikin mutum 80 da babba ɗaya ba.

Akwai ma maganar rai. Ranar 13 ga Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu, akasarinsu ƴan jardan. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, fiye da 20 suka sake tafiya haka. Laifin na zana ne da rashin gini, kuma har yanzu azuzuwan zana dubbai ne a ƙasar nan. Sai dai duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fitar da ƙananan yara daga ɗaki cikin gaggawa ya san hannu biyu ba sa ɗaukar fiye da yaro biyu, kuma yaro in ya firgita ƙarƙashin benci yake shiga.

Ba sai mun jira Yamai ba kafin a motsa. Kowace makaranta tana da kwamitin CGDES, wanda muka fi sani da COGES, tana da ƙungiyar iyaye, da yawa suna da ƙungiyar uwaye ta AME. Kuɗin da ake tarawa a shekara, a duba inda yake tafiya. Na ga makarantar da ta kashe abin da zai biya mataimakiya wata uku a bikin ƙarshen shekara, da hayar lasifika da rumfa da lemun manyan baƙi. In kwamiti ya yanke cewa ajin CI ne farko, a nemi mace ta unguwar, mai jin harsunan yaran, wadda ta kai ko da aji uku na kwaleji, a rubuta yarjejeniya a takarda: ga aikinta, ga abin da ba aikinta ba, ga abin da za a ba ta, ga ranar biya. A roƙi masu ba malamai shawara na yankin, ko makarantar horon malamai da ke nan Agadas, su ba irin waɗannan mata horon mako biyu a lokacin hutu kan yadda ake koyar da baƙi da ƙirga. Kuma a zaɓe ta don haƙurinta da yara, kada a tsaya tambayar ƴar wa ce ko ina take ibada.

Masu makarantun kuɗi kuwa, nasu ba roƙo ba ne. Duk wanda ya ɗauki ma'aikaci, doka ta ɗora masa yi masa rajista a asusun CNSS da zuba masa kuɗi. Mai makarantar da ke karɓar jaka hamsin ko ɗari a kan kowane yaro a shekara, ya ce ba shi da halin yi wa tanti rajista, iyaye su tambaye shi lissafi.

Ku kuma iyaye, ranar da za ku kai yaro rajista, bayan kun tambayi kuɗin makaranta da launin yunifom, ku tambayi darakta yara nawa ne a ajin CI, kuma manya nawa ne a cikinsa. In ya ce akwai mataimakiya, ku ce a kira ta ku gaisa. Ku tambayi sunanta, da harsunan da take ji, da ko tana da lambar CNSS.